Benci Biyu a Ƙofar Kawu

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya wata ranar Talata cikin bazara, bayan ya yi sallar asuba a zaune. Ina cikin aji a firamaren da nake koyarwa a Dutse aka aiko mini. Na hau babur, ban ko biya ta gidana a unguwar Limawa na gaya wa iyali ba, duk hanya fargabata kada a kai shi ban iso ba.

Ashe ba ni da abin yi wa sauri. Na tarar an ɗinka likkafani, an haƙa kabari, jama'a sun cika ƙofar gida, ana jiran ruwan wanka. Rijiyoyin garinmu sun ƙafe kamar yadda suka saba kowace bazara. Maƙwabta sun kawo ɗan abin da ke cikin tulunansu an tara, ya fito ja da laka. Iya, matar Kawu, ta leƙa bokitin ta ce ba za a wanke mijinta da wannan ba, ko da za a kai magariba. Sai da aka tura amalanke ƙauyen da ke gaba da mu. Mutumin da ya cika da asuba, ba a kai shi makwancinsa ba sai bayan azahar.

A wannan jira kowa ya nuna halinsa. Inna, mahaifiyata, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana jan carbi, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma amsa gaisuwar kowa ba. Dagaci ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da sandarsa. Samari suna raɗa a gindin darbejiya, na ji wani yana cewa yau dai saura ƙiris ta ƙare, na kusa da shi ya zungure shi. Wanda ya fi ba ni mamaki Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya shekara tara yana ja da Kawu a bainar jama'a. Shi ne ya rufe fuska da hannun riga yana shessheka kamar ƙaramin yaro, har Liman ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, don duk wanda ke wurin ya san dalilin da ya sa babu ruwa a garinmu, kuma ya san ina da hannu a ciki.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron nan da shekaru kaɗan a manta da Kawu, ko kuma a riƙa tuna shi a matsayin tsohon nan mai abin dariya da ya kawo mana rigima. Ni na san shi fiye da haka.

Kawu malamin gona ne tun zamanin En'e. Yana saurayi aka tura shi kwas na 'yan watanni a Ingila, ya dawo da kwat ɗaya, da rediyo, da labarin da bai gaji da bayarwa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mun haddace shi tsaf tun muna yara. Ruwa na fitowa daga bango, na zafi daban na sanyi daban. Jirgin ƙasa idan an ce ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai ne. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ranar da aka kai su kallon majalisa. Ya ce kujeru ne layi biyu suna fuskantar juna, manyan mutane masu furfura suna ta hayaniya kamar za su cinye juna, sai a ƙirga, masu yawa su yi rinjaye, a tashi a je a sha shayi tare. Washegari kuma a fara aikin da aka yanke. Idan ya kawo nan sai ya tafa hannu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko mun gane girman abin.

A wurinsa duniya hanya ce guda ɗaya miƙaƙƙiya. Turawa suna gaba, mu muna baya, amma duk wuri ɗaya muka dosa, kuma kowace shekara ana ƙara matsawa. Ka tambaye shi yaushe lantarki zai zo, ya ce saura ƙiris. Asibiti, saura ƙiris. Titin da zai haɗa mu da hanyar Ringim, saura ƙiris. Har sunan ya bi shi, yara suna kiran sa Malam Saura Ƙiris a bayan idonsa, ya sani kuma bai damu ba. Da zai sake katangar gidansa sai ya ja ta baya taku goma, ya bar fili fetal a gaba, wai kada masu titi su zo su sha wahalar rushewa. Iya ta yi mita har ta gaji, ta ce wurin da za a ɗaure awaki ya bar wa motocin da ko ƙararsu ba a taɓa ji ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutum ne mai raina nasa. Bai taɓa fashin jam'i ba sai da ƙafa ta gaza. Shi ya koya wa rabin garin yadda ake jiƙa irin gero da magani kafin shuka, kuma idan iri mai kyau ya zo hannunsa, gonar gwauruwa da ta marayu yake fara kaiwa kafin tasa. Shekarar da aka ba mu jiha, aka ce Dutse ce babban birni, ya yanka rago kamar an yi masa haihuwa. Ya sa kwat ɗin nan a kan babbar riga cikin zafi, ya zauna a ƙofar gida yana karɓar barka.

Bayan kamar shekara biyu aka aiko cewa an ba garinmu rijiyar burtsatse guda ɗaya. Abin da ake so kawai mu nuna wuri, mu sa hannu a takarda. Da a da ne, Dagaci da Liman za su keɓe su yanke, wanda ya ji haushi ya yi gunaguninsa a ɗaka, a wuce wurin. Kawu ya ce wannan zamani ya wuce. Ya yi ta zarya gidan Dagaci har ya shawo kansa a kafa kwamiti. Garinmu unguwa biyu ne, Gabas inda masallacin Juma'a da gidan Dagaci suke, da Yamma inda Kawu yake, wadda kakanninsu suka zo daga baya. Don a yi adalci, Kawu ya ce kowace unguwa ta kawo mutum shida. Shi zai shugabanta, amma da yake ɗan Yamma ne, ya rubuta da hannunsa cewa shugaba ba shi da ƙuri'a. Ya kira kafinta ya yi benci biyu dogaye, aka ajiye su suna kallon juna a filin nan da ya bar wa titi. Ni aka sa ni a bencin Gabas, unguwar mahaifina, aka kuma ba ni rubutu saboda ni ne malamin makaranta. Tun daga ranar Kawu bai sake kirana da wani suna ba sai Sakatare.

Zaman farko ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Bayan la'asar ne ranar Juma'a, Kawu ya sa an dafa shayi a babbar tukunya, kowa ya yi magana ba a katse shi ba. Mutanen Yamma suka ce wajensu ne gangare, kusa da fadama, ruwa ba zai yi nisa ba. Baffa ya miƙe a madadin Gabas ya ce ba za a wayi gari 'ya'yan masu gari suna layi da bokiti a ƙofar baƙi ba. Aka ce a ɗaga hannu. Shida, shida. Kawu ya yi dariya ya ce haka ake yi, a can ma sai an sha zama. Aka sha shayi aka watse.

Wani zai ce me ya hana a haƙa a tsakiya. Mun gwada. Masu injin suka zo suka auna, suka ce tsakanin unguwannin nan dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ba za su karya ƙarfensu a banza ba. Babbansu ya ja ni gefe, da yake ni ke riƙe da takarda, ya ce mini Gabas ma sai an yi sa'a, amma Yamma ko yau aka fara za a ga ruwa. Na ji da kunnena. Na rubuta a littafi, na karanta a zama na gaba. Baffa ya ce an saye su. Aka ɗaga hannu, nawa yana cikin na Gabas, shida, shida.

Bari in faɗi dalilina, ko da yake ba ya wanke ni. Mahaifina ya rasu ina da shekara bakwai. Baffa ne ya riƙe ni, ya kai ni makaranta, ya yi mini aure, ya yanka mini gona daga tasa. Duk lokacin da aka ce a ɗaga hannu, ba ya ko juyowa ya dube ni, don ya san ba sai ya duba ba. Ni kuma sai in ce wa kaina wannan karon dai in bi, wataƙila kafin zama na gaba wani daga cikin dattawa ya sauko. Haka kowane ɗayanmu yake jiran wani. Injin ya zo sau biyu ya koma. Damina ta zo aka manta, bazara ta dawo aka tuna. 'Yan mata da tsofaffi suna tafiya fadama tun da sassafe suna rarake yashi, masu amalanke suna sayar da jarka, mu kuwa muna kan benci muna shan shayin Kawu.

Inna ce kaɗai ta taɓa tunkarata. Ta ce mini a gaban Kawu, ai kai ka san gaskiya, ka taimaki yayana ka fitar da shi kunya. Ban taɓa ganin Kawu ya yi mata tsawa ba sai ranar. Ya ce hannun mutum amanarsa ne, idan aka fara bin gida-gida ana murɗa hannun 'ya'yan dangi, gara a ƙone bencin. Inna ta tashi ta bar masa ɗakin, ta yi wata biyu ba ta taka gidan ba. Ni na ji daɗi a raina da ya kare ni, kuma yau wannan jin daɗin yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Duk wannan bai taɓa imaninsa da hanyar ba. Da aka soke zaɓen shugaban ƙasa, ya ce aikin soja ne, a can ba a yin haka. Kullum da hantsi yana kan tabarma da rediyonsa, yana kama tashoshin Turai masu Hausa, ya ƙara da na Turanci don ya nuna mana bai manta ba. Sai wata rana aka ce a Amurka shugaba da majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, har an kulle ofisoshin gwamnati an ce ma'aikata su zauna a gida. Baffa da kansa ya tako har Yamma don ya yi tsiya.

“Malamin Gona, ashe mutanenka ma benci biyu gare su?”

Kawu ya ce ɗan saɓani ne, za su gyara. Da suka buɗe ofisoshin bayan 'yan makonni ya aika a gaya wa Baffa. Amma na lura bai tafa hannu ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, Kawu ya yi murna kamar kowa, har ita ma ya ce mata saura ƙiris a ga adalci. Samari kuwa suka samu bakin magana, suka ce bencin nan tsarin Nasara ne, shi ya sa babu albarka a cikinsa. Liman ya tsawatar musu. Ya ce shawara tana cikin addini tun kafin a san Ingila, abin da ba ya ciki shi ne a bar mutane da ƙishirwa saboda girman kai. Maganar ta shigi Kawu ƙwarai. A zama na gaba ya ce shi ya yarda ya yi kuskure, a rushe kwamitin a mayar wa Dagaci da magana. To amma dokar da ya rubuta ta ce ba a rushewa sai da rinjaye. Gabas suka ɗaga hannu da sauri, don Dagaci nasu ne. Yamma suka naɗe nasu a ƙirji. Na ƙirga, na rubuta abin da na saba rubutawa. Dagaci, wanda dama ya ji daɗin sauke wannan kaya daga kansa, ya ce shi ba ya karya abin da jama'a suka ƙulla.

A ƙarshen shekarar nan ne Amurka ta yi zaɓen da aka yi makonni ana ƙirga ƙuri'a ba a san wanda ya ci ba, har sai da alƙalai suka raba gardama. Kawu ya bi labarin kullum kamar ɗansa ne ke takara. Na zo wata Asabar na same shi rediyo a kashe a kan cinya. Ya ce ba ƙirgar ce ta dame shi ba. Wani shiri ya ji, ana hira da mutanen can, matasa suna cewa ba sa sa ran za su ji daɗin da iyayensu suka ji, dattawa kuma suna cewa da can ta fi yanzu.

“Sakatare, mu da muke cewa da ta fi yanzu, ai don ba mu isa ba ne. To su da suka isa, me suke nema a baya?”

Na ce wataƙila gajiya ce, Kawu, za ta wuce.

“Shekara arba'in ina nuna wa mutane bayan wanda ke gaba, ina cewa ku bi shi, ya san hanya. Ashe shi ma tsayawa ya yi yana waige-waige.”

Daga ranar ban sake jin saura ƙiris a bakinsa ba. Idan aka tambaye shi titi ko lantarki sai ya ce Allah Ya sani. Gaskiya ce, kuma ita ta fi dacewa da bakin dattijo, amma ni duk lokacin da ya faɗe ta sai in ji kamar an rage hasken fitila a ɗaki. Mun yi shekaru muna yi masa dariya, ba mu san da maganar tasa muke tashi kowace safiya ba. Ya bar Iya ta ɗaure awakinta a gefen filin. Shayin Juma'a ne kawai bai daina ba, ko da mutum uku ne suka zo.

Ganina da shi na ƙarshe, mako biyu kafin rasuwarsa, yana kwance a soro ƙafafu sun kumbura. Na gaishe shi, na zauna. Can ya ce:

“Ban taɓa roƙonka ba, ko?”

Na ce, “Ba ka taɓa ba, Kawu.”

“To. Ko shi ma kuskure ne, ban sani ba.”

Ya juya fuska bango. Da na ce masa a wannan lokacin, Kawu, Juma'a mai zuwa zan ɗaga wa Yamma hannu, da ya ji da kunnensa. Abin da na ce shi ne Allah Ya ƙara sauƙi, na ɗauki hulata na fita.

Ranar sadakar bakwai ta faɗo Talata, amma Liman ya ce tunda kowa yana nan, a zauna. Aka kore awaki, aka kakkaɓe bencin. Kujerar Kawu tana tsakiya ba wanda ya zauna a kanta. Liman ya ce masu son a haƙa a Yamma su ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi a bencin da ke kallonmu. Na ɗaga nawa. Hannun da ya gagare ni shekara tara, ashe bai fi ludayi nauyi ba. Baffa ya juyo ya dube ni, karo na farko a duk zaman da muka yi. Na jira tsawa, na jira ya ce in mayar masa da gonarsa. Sai kawai ya mayar da kansa ƙasa. Na rubuta bakwai da biyar.

Na shiga cikin gida don in gaya wa Iya, ina tsammanin za ta ji sanyi. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta saurare ni har na gama.

“Allah Ya yi maka albarka,” in ji ta. “Da ka ɗaga tun yana da idon gani.”

Na kai takardar ofis a Dutse da kaina. Ma'aikacin da na samu ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan aikin an rufe shi tun tuni, waɗanda suka san da shi ma sun yi ritaya. Ya ce in bar ta, za a sa mu a sabon layi, amma kada in ce ya yi mini alkawari. Yau kwana arba'in da rasuwar Kawu, ba mu ji komai ba. Damina ta sauka, rijiyoyi sun kawo ruwa, na kuma san halinmu idan tulu ya cika.

Ina kewarsa fiye da yadda na zata. Ina kewar kwat ɗin nan mai warin kafur, da tafin hannunsa, da yadda yake kallon fili fetal ya ga titi da fitilu a kansa. Ban san ko duniya tana da gaba da baya kamar yadda ya ɗauka ba, shi kansa ya tafi bai tabbata ba. Amma na zauna a garin da ke da mutum ɗaya mai cewa gobe za ta fi, na kuma zauna a cikinsa bayan ya yi shiru, na san bambancin.

Jiya da na je gida, Inna tana tace ruwa da ƙyalle a bakin randa. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni yaushe masu injin za su zo. Na buɗe baki zan ce Allah Ya sani, sai na ji na ce mata saura ƙiris. Ta tsaya da tacewar, ta daɗe tana kallona, sannan ta sa gefen mayafi ta share ido. Ranar rasuwa ba ta yi kuka ba, sai jiya.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, mai yawan kyautata zato. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, shan da babu ƙishirwa bayansa. Mu da muka sa gawarsa jiran ruwa, Ka yafe mana.